Aro da Ƙirƙira a Magana Jari Ce: Shari'ar Kalalatu

Shawarar da aka fi ba sababbin marubuta ita ce su guji aron labari, wai duk abin da bai fito daga kan mutum ba sata ne. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da Abubakar Imam, su ce Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a Zariya a 1937, fassara ce da aka yi wa ado. Tushen labaran ba abin jayayya ba ne. Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun bi sawunsu har cikin Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Grimm na Jamus.

Hukuncin da aka ɗora a kan wannan bincike shi ne nake ganin akwai gyara. A ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A wajen Grimm, kuku ce ta lashe kaji biyu, ta ce wa baƙo maigida kunnuwansa zai yanke, ta ce wa maigida baƙo ya tsere da kajin. Imam ya mai da kukun matar aure, wato Kalalatu. Da wannan sauyi kaɗai, wayon baranya ya koma maganar zaman aure da haƙƙin baƙo, abin da Bahaushe ba ya wasa da shi. Da wuya a kira wannan aikin tafinta.

Sai dai abokan jayayyarmu suna da magana mai nauyi: mai karatu bai ga sunan Grimm a jikin labarin ba. Suna cewa tsohuwar da ke ba jikoki labari da dare ba ta sa hannu a kan komai, amma wanda ya buga sunansa a bango ya yi da'awar mallaka. Wannan gaskiya ne, kuma misali ɗaya ba zai wanke dukan labaran littafin ba. Iyakar abin da ya tabbatar shi ne, ana iya aro a kuma ƙirƙira. Ɓoye tushe laifi ne dabam, maganinsa ambato.

Matashin garin Gure da ya tashi yana jin tatsuniya da Barbarci, yana ciniki da Hausa, yana karatu da Faransanci, in aka hana shi aro an raba shi da rabin jarinsa. Malamai su koya masa abu biyu: ya sarrafa abin da ya ara, kuma ya faɗi inda ya samo shi.