Yadda tawada ta shiga aljihu: tarihin guntun alƙalami

Duk wanda ya yi lakwal kafin bik ya zama ruwan dare bai manta ramin nan da ke gefen tebur ba, inda ake dasa ɗan kurtun tawada. Mushe ya zagaya da kwalba ya zuba ma kowa, yaro ya tsoma bakin alƙalami, ya rubuta kalma uku ko huɗu, ya sake tsomawa. Almajirin allo ma haka yake da kurtunsa da alƙalamin kara. A duka makarantun biyu rubutu yana da mazauni: inda tawada take, nan marubuci yake zama. Wanda ya so ya yi tafiya da ita kuwa, rigarsa ce ke biyan kuɗin.

An daɗe ana neman mafita. Alƙali Nu'uman ya ba da labari a cikin littafinsa Al-Majalis wal-Musayarat cewa halifan Faɗimiyya Al-Mu'izz, wanda ya yi mulki daga 953 zuwa 975, ya nemi a ƙera masa alƙalami mai riƙe tawadarsa a cikinsa, wanda ba ya ɓata hannu ko tufa, kuma maƙeri ya kawo masa shi na zinariya. A 1827 wani ɗalibi ɗan ƙasar Romaniya mai suna Petrache Poenaru ya samu takardar mallakar fasaha a birnin Paris kan irin wannan alƙalami. Amma yawancin na wancan zamani sun yi fama da ciwo guda: ko tawada ta ƙi fita, ko ta kwararo gaba ɗaya.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Idan ka kifa kwalba mai ƙaramin baki, ruwa ba ya fita sai iska ta samu hanyar shiga, kuma idan ta shiga da ƙarfi sai ruwan ya ɓulɓulo. Haka cikin alƙalami yake. A 1884 Lewis Waterman na birnin New York ya yi rajistar wata ƴar dabara: ƙananan tsagogi a ƙarƙashin bakin alƙalami, waɗanda tawada ke bi ta sauko a hankali, iska kuma ta hau ta maye gurbinta. Daga nan alƙalamin tawada ya zama abin da za a iya dogara da shi a kan tebur. Saura aljihu.

Aljihu yana da nasa sharuɗɗa. Abin da zai zauna cikinsa sai ya kasance gajere, kada ya yi yoyo ko da ya kwanta ko ya kife, kuma kada ya karye idan mai shi ya zauna. Tun daga shekarun 1890 aka fara yin alƙaluman da bakinsu ke komawa ciki, murfi ya toshe ƙofar kamar yadda ake toshe gora. Sai dai gajartar ta zo da tata matsala, don guntun abu ba ya cika hannu, kuma rubutu da shi yana gajiyar da yatsu.

Amsar da ta fi daɗewa ta fito daga birnin Heidelberg na Jamus. An kafa wata masana'antar alƙaluma a can a 1883, sannan a 1889 Heinrich Koch da Rudolph Weber suka karɓe ta, daga sunayensu ne aka samu sunan Kaweco. A 1911 kamfanin ya fito da alƙalamin aljihu wanda aka tallata ma mata da hafsoshin soja da ƴan wasanni, shi ne asalin Kaweco Sport. Dabararsa tana cikin murfi. An yi murfin dogo, yana haɗiye fiye da rabin jikin alƙalamin idan an rufe. Idan za a yi rubutu sai a kwance shi a sa shi a gindi, alƙalamin ya miƙe. Na yau yana da tsawon santimita 10 da rabi a rufe, idan an sa murfin a baya kuma ya kai kimanin 13. A shekarun 1930 aka ba murfin kusurwa takwas, don kada ya gangaro daga tebur. Kamfanin ya karye a 1929, wasu suka saye sunan, ya yi alƙaluman tunawa da wasannin Olimpik na Munich a 1972, ya sake mutuwa a farkon shekarun 1980, har sai 1994 da Michael Gutberlet na birnin Nuremberg ya farfaɗo da shi.

Yaƙi ma ya sa hannu a wannan tarihi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanin Parker ya yi ma sojoji alƙalami mai ɗauke da ƙwayoyin busasshiyar tawada a gindinsa: soja ya jefa ƙwaya cikin alƙalamin, ya zuba ruwa, ya rubuta ma gida wasiƙa daga cikin rami. A Yaƙi na Biyu dokar kakin sojan Amurka ta hana wani abu ya ɗaga murfin aljihu, sai masu ƙera alƙaluma suka mayar da maƙalin can sama don alƙalamin ya nutse. A farkon shekarun 1940 ne kuma kamfanin Sheaffer ya fito da guntunsa mai suna Tuckaway, na jakar hannu da ƙaramin aljihu.

Japan ce ta kai abin ƙarshen kyau. Tun da Waterman ya fito da katush na roba a 1953, wato ɗan bututun tawada da ake cusawa a jefar idan ya ƙare, jikin alƙalami bai ƙara buƙatar wurin famfo ko jakar roba ba, saboda haka ana iya rage shi sosai. Kamfanin Sailor ya fito da nasa gajere a 1963, Pilot ya biyo da Elite na aljihu a 1968, daidai zurfin aljihun rigar ma'aikaci ko ɗalibi. A 1971 Pilot ya yi Myu 701, wanda bakinsa da mariƙinsa ƙarfe guda ne ba haɗi. Har yau masu tara alƙaluma suna farautarsa, kuma kamfanin ya sake yin kwatankwacinsa a 2008 don cikarsa shekara 90.

Sai dai a lokacin da guntun alƙalami ke kaiwa ga kamala, kishiyarsa ta riga ta shigo gida. László Bíró, ɗan jarida daga Hangari, ya yi rajistar alƙalami mai ɗan ƙwallo a baki a 1938. A watan Oktoba na 1945 aka sayar da irinsa a wani kanti na New York kan dala 12 da rabi guda, mutane suna layi. A ƙarshen 1950 Marcel Bich ya fito da Bic Cristal a Faransa, mai araha ƙwarai. Malaman Faransa sun yi ta turjiya, suna cewa zai lalata hannun yara, har sai 1965 da hukumar ilimi ta ƙasar ta yarda a yi amfani da shi cikin aji. Makarantunmu, da suka gaji tsarin Faransa, su ma sun bi wannan hanya, har sunan kamfanin ya zama sunan abin a bakinmu. Bik ba ya yoyo, ba ya neman takardar shanye tawada, kuma idan ya ɓace ba a yin makoki. Tambayar Al-Mu'izz ta samu amsa, amma ba daga inda aka sa ido ba.

To me ya sa guntun alƙalamin tawada bai mutu ba? Masu sha'awarsa, waɗanda yanzu suke da yawa a Turai da Amurka da Asiya, suna da hujjoji uku. Na farko, ba ya son a danna shi. Tawadarsa ruwa ce, tana sauka da zarar baki ya taɓa takarda, alhali bik sai an murza ƙwallon da ɗan ƙarfi, shi ya sa ake ganin sawun rubutu a bayan shafin kaye. Na biyu, yana daɗewa: a wanke shi, a sake masa tawada, a canza masa baki idan ya lanƙwashe. Na uku, alƙalamin da ke tare da kai ya fi wanda ka baro gida amfani, komai tsadarsa. Gajere ba yaro ba ne, in ji su.

Amma su da kansu suna da ƙorafi. Guntun katush bai kai mililita ɗaya ba, mai yawan rubutu zai ƙarar da shi da wuri. Kafin ka rubuta lambar waya sai ka kwance murfi, ka sa shi a baya, mai bik ya riga ya gama. Mai babban hannu yana jin ƙuncinsa. Kaweco Sport ana sayar da maƙalinsa daban, abin da ke ba wasu haushi. Na tagulla yana da nauyi kuma yana barin wari a yatsu, ko da yake akwai masu son yadda launinsa ke dushewa da shekaru. Ga kuma kuɗi: na roba mafi sauƙi ya haura yuro 20, wato sama da jika 13, kuɗin bik wajen ɗari.

A ƙasa irin tamu akwai ƙarin abin lura. Zafi yana faɗaɗa iskar da ke cikin alƙalami, ita kuma ta turo tawada waje, musamman idan ya kusa ƙarewa. Wanda ya bar shi cikin aljihu da bazara ya riƙa tsayar da shi baki sama. Da hunturu kuwa bakin yana saurin bushewa idan an bar shi a buɗe. Takardar kaye mai araha tana tsotse tawada ta watsa ta. Kuma kada a kuskura a ɗura masa tawadar allo, don ƙaron da ke cikinta da garin gawayi za su toshe tsagogin nan na Waterman.

Ina malami da uwaye suke cikin wannan labari? A Jamus har yanzu yara da yawa suna koyon rubutu da alƙalamin tawada a firamare, wasu malamai ma suna ba yaro ƴar takardar shaida, kamar lasisin tuƙi, ranar da ya cancanci ya bar fensir. Don irin waɗannan yara aka yi Pelikano a 1960 da Lamy Safari a 1980, mai mariƙin da ke nuna ma yatsu inda za su zauna. A 2023 gwamnatin Suwidin ta ba da sanarwar mayar da hankali ga littafi da rubutun hannu a ƙananan azuzuwa, bayan shekaru na dogaro da allon kwamfuta. Binciken da ake yawan ambatawa, kamar na Mueller da Oppenheimer na 2014, ya kwatanta rubutun hannu ne da bugawa a kwamfuta. Ba a kan nau'in alƙalami aka yi shi ba. Saboda haka kada wani uba ya ɗauka jika 13 za ta saya ma ɗansa kyakkyawan hannu, kada kuma malamin da ke da ɗalibai tamanin a aji ya ji cewa an bar shi a baya.

Abin da tsohon alƙalami yake tilastawa shi ne ya kamata a riƙe: riƙo mai sauƙi, zama daidai, tafiya a hankali, da kula da kayan aiki. Duk waɗannan ana iya koyar da su da fensir ko bik. Malami ya duba bayan shafi, idan rubutu ya huda har ana jin sa da yatsa, yaron yana dannawa fiye da kima, kuma hannunsa zai gaji kafin a gama jarrabawa. Uwaye su ba yaro mintoci goma na kwafi kowane dare, su kuma tambaye shi ina bik ɗin da aka saya masa ranar Litinin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda Allah ya hore ma, ya saya ma ɗan da ya shiga kwaleji alƙalamin tawada mai sauƙin kuɗi da kwalba guda, ya nuna masa yadda ake ɗurawa da wankewa. Idan shekara ta zagayo alƙalamin yana nan yana rubutu, yaron ya koyi riƙon amana, kuma wannan zai yi masa amfani ko da wata rana ya daina rubutu da hannu.