Burkutu a Ƙasar Katsina

Burkutu giya ce ta gargajiya da ake dafawa da dawa, ja mai duhu, mai kauri da ɗan tsami. A ƙasar Katsina an fi saninta da Maguzawa, Hausawan da suka riƙe addinin kakanni, waɗanda ƙauyukansu suka bazu daga Malumfashi da Kafur da Ƙanƙara har zuwa yankin Safana.

Aikin mata ne, kuma aiki ne mai cin rai. Za a jiƙa dawa, a lulluɓe ta har ta tsira, a shanya tsiron a niƙa, a dama a dafa cikin manyan tukwane. A bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, sannan a zuba ragowar tsohuwar giya don sabuwar ta tashi. Kusan mako guda ke nan. Duk da wannan wahala, burkutu ba ta ajiyuwa. Giyar inabi ta Faransa takan shekara a kwalba, ita kuwa kwana biyu ya isa ta lalace. Shi ya sa ake shan ta a taro, wajen gayya ko biki ko hidimar iskoki, ƙoƙo yana zagayawa. Masu sha kan gane gwanar mai dahuwa tun daga kurɓin farko: tsami bai danne zaƙin tsiro ba, ƙauri bai kama ta ba.

Musulunci ya haramta giya. Bayan jihadin 1804, da hawan Ummarun Dallaje gadon Katsina, an bar Maguzawa a kan addininsu suna biyan jiziya, burkutu ta zama abin ƙauye. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba Turawa hujjar hana shigo da barasar waje Arewa, amma tukwanen Maguzawa ba su daina tafasa ba. Joseph Greenberg, wani mai bincike da ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, ya rubuta yadda giya ta shiga ibadarsu.

Daga baya burkutu ta ja baya ƙwarai. Maguzawa da yawa sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci, kuma a shekarar 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu, da suka tashi ƙauyuka da dama a Batsari da Safana, sun raunana noma da tarukan gayya a yankin baki ɗaya.