BABI NA UKU: YAWON KEKE DA FARFAƊOWAR HANYOYIN KARKARA A INGILA, 1878–1939

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda aka ƙago keke da irin sauye-sauyen da ya samu. Shi kuwa wannan babi zai dubi yadda mutanen birane a ƙasar Ingila suka mayar da keke abin yawon buɗe ido a karkara da tsofaffin ƙauyuka, daga shekarar 1878 zuwa 1939. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, masu yawon keke ne suka fara mayar da rai ga hanyoyin karkara bayan jirgin ƙasa ya raba su da matafiya, kuma wannan aiki nasu ne ya share wa mota fage, wadda daga baya ta ƙwace hanyoyin daga hannunsu.

3.1 Halin da Karkara Take Ciki Kafin Zuwan Keke

Kafin zuwan jirgin ƙasa, karusar dawaki ce ke ɗaukar fasinja da wasiƙu tsakanin garuruwan Ingila. Saboda dawaki na bukatar canji bayan 'yan miloli, sai masaukai suka yawaita a ƙauyukan da ke bakin hanya, inda maƙera da masu kiwon dawaki da masu dafa abinci ke samun abin kai wa bakin salati. Bayan an buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a 1830, cikin shekaru kamar 20 wannan sana'a ta durƙushe. Kamfanonin da ke karɓar kuɗin hanya suna gyara ta suka rasa kuɗin shiga, hanyoyi suka lalace, masaukai da yawa suka rufe.

Bugu da ƙari, daga shekarun 1870 noma ya shiga mawuyacin hali saboda alkama mai araha da ake shigo da ita daga Amurka. Matasa suka riƙa barin gonaki suna tafiya birane neman aikin masana'antu. Tun a ƙidayar 1851 aka gano cewa mazauna birane sun fara rinjayar mazauna karkara. Ke nan a lokacin da keke ya bayyana, akwai ɗimbin mutane a birane waɗanda kakanninsu manoma ne, amma su ba su san ƙauye ba sai a labari. Jirgin ƙasa kan kai mutum tasha ne kawai, ƙauyen da ba ya kan layi kuwa sai dai a hango shi ta taga.

3.2 Kafuwar Ƙungiyar Masu Yawon Keke

A watan Agusta na 1878 wani ɗalibin likitanci mai suna Stanley Cotterell ya jagoranci kafa ƙungiyar masu yawon keke a garin Harrogate, wadda a 1883 ta ɗauki sunan Cyclists' Touring Club. A wancan lokaci dogon keke ake hawa, wato mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar ƙaramar ƙafar baya. Hawansa na da haɗari, ga tsada, don haka samari masu hali ne kawai ke iya yawo da shi.

Matsalolin da ƙungiyar ta fara fuskanta su ne na kowane matafiyi: ina za a kwana, me za a ci, wace hanya ce mai kyau, wa zai gyara keke idan ya lalace. Don haka ta naɗa wakilai a garuruwa masu ba baƙi shawara, ta kuma yi yarjejeniya da masu masaukai a kan farashi mai rangwame ga 'ya'yanta. Masaukin da ya shiga yarjejeniyar akan manna masa alamar ƙungiyar, wato ƙafar keke mai fukafukai, kuma har yau ana ganin irin wannan alama ta ƙarfe a bangon wasu tsofaffin gidaje. Har ila yau ƙungiyar ta kakkafa allunan gargaɗi a kan gangare masu haɗari, ta wallafa littattafan hanya, 'ya'yanta kuma suka riƙa aika gyare-gyare ga kamfanin Bartholomew mai buga taswira.

Abu mafi muhimmanci shi ne gwagwarmayar neman 'yancin hanya. A farko kowace ƙaramar hukuma na da nata ƙa'idojin a kan keke, masu karusa kuma na ganin mai keke a matsayin ɗan kutse mai firgita dawaki. A 1879 wata kotu ta yanke hukuncin cewa keke abin hawa ne a idon doka kamar karusa. Dokar ƙananan hukumomi ta 1888 ta tabbatar da haka a duk faɗin Ingila, ta kuma ɗora nauyin manyan hanyoyi a kan majalisun gundumomi. Kafin wannan, a 1886, ƙungiyoyin masu keke sun haɗu sun kafa wata ƙungiya ta neman inganta hanyoyi. Wannan ya nuna cewa tun kafin mota ta zama abin magana, masu keke ne ke matsa wa hukuma lamba a gyara hanya.

3.3 Sabon Keke da Yaɗuwar Yawo

Abubuwa biyu ne suka fitar da yawon keke daga hannun 'yan tsiraru. Na farko, a 1885 John Kemp Starley ya fitar da keken Rover a garin Coventry, mai ƙananan ƙafafu da sarƙa mai juya ƙafar baya, wato kakan keken da aka sani a yau. Na biyu, a 1888 wani likitan dabbobi a Belfast mai suna John Boyd Dunlop ya yi rajistar taya mai iska. Da waɗannan biyu suka haɗu, sai tsoho da mace da wanda bai da ƙarfin jiki suka iya yin doguwar tafiya a kan hanya mai gargada. Masana'antun garuruwa irin su Coventry da Nottingham suka bunƙasa, kuma daga Nottingham ɗin ne keken Raleigh ya fito, wanda daga baya ya yi suna a ƙasar Hausa. Zuwa 1899 yawan 'ya'yan ƙungiyar masu yawon keke ya haura 60,000.

Ba masu hali kaɗai suka shiga ba. A 1894 wasu matasa masu ra'ayin gurguzu suka kafa ƙungiyar keke ta Clarion a Birmingham, da sunan jaridar da Robert Blatchford ke bugawa. Su ma'aikata ne da akawuna, sukan fita ƙauyuka ranar hutu suna shan iska suna raba takardun siyasa ga leburorin gona. Littafin H. G. Wells mai suna The Wheels of Chance, wanda ya fito a 1896, labari ne na yaron kantin yadi da ya yi hutunsa yana yawo a kan keke a kudancin Ingila. Zaɓen irin wannan tauraro ya nuna cewa a lokacin yawon ya riga ya kai ga masu ƙaramin albashi.

3.4 Misalin Ƙauyen Ripley

Ƙauyen Ripley da ke gundumar Surrey misali ne mai kyau na abin da ake bayani. Yana kan tsohuwar hanyar Landan zuwa Portsmouth, fiye da mil 20 kaɗan daga Landan, wato tafiyar da mai keke zai je ya dawo a yini guda. Tsohon zango ne na karusa wanda layin dogo ya kauce masa. Daga shekarun 1870 masu keke suka mayar da shi matattararsu, musamman masaukin Anchor na iyalin Dibble, inda aka ajiye littafin da baƙi ke sa hannu. Limamin cocin ƙauyen har taron ibada yakan shirya wa masu keke ranar Lahadi. Da 'yan'uwa biyu mata na wannan gida, Annie da Harriet, suka rasu, masu keke ne suka tara kuɗi aka sa tagar tunawa da su a cocin.

Sai dai ba kullum ake kwashewa lafiya ba. A 1898, a ƙauyen Ockham da ke maƙwabtaka da Ripley, mai masaukin Hautboy ta hana wata mai sarauta, Lady Harberton, zama a ɗakin cin abinci na manyan baƙi saboda ta sa wandon hawan keke maimakon dogon siket. Ƙungiyar masu yawon keke ta kai ƙara, amma a shari'ar da aka yi a 1899 mai masaukin ce ta yi nasara. Wannan ya nuna cewa keke ya shigo ƙauye da kuɗi, ya kuma shigo da ɗabi'un birni waɗanda ba kowa ne ya yi na'am da su ba.

3.5 Abin da Ƙauyuka Suka Samu

Idan aka duba da idon basira, za a ga amfanin da ƙauyuka suka samu yana da iyaka. Masu masaukai sun sami baƙi, matan ƙauye sun buɗe wuraren shan shayi, wasu maƙera kuma sun koma gyaran keke da facin taya. Haka kuma wannan zamani ya zo daidai da lokacin da aka fara damuwa da adana kayan tarihi. An kafa ƙungiyar National Trust a 1895, kuma ginin farko da ta saya a 1896 wani tsohon gidan limami ne a ƙauyen Alfriston, a kan fam 10. Tsofaffin coci-coci da gidajen dutse da rufin ciyawa, waɗanda mai ƙauye ke gani a matsayin abin yau da kullum, sai suka zama abin da baƙo ke yin tattaki don ya gani.

Amma yawon keke bai hana matasa ƙaura zuwa birni ba, bai kuma ƙara wa leburan gona lada ba. Abin da ya fi canza rayuwar mai ƙauye shi ne lokacin da keke ya yi araha har shi ma ya mallaki nasa, ya iya zuwa kasuwa ko neman aiki ko neman aure a wani gari.

3.6 Zuwan Mota

A 1896 majalisar dokokin Birtaniya ta sassauta dokar da ta takura wa motoci. Masu hali da yawa suka ajiye keke suka koma mota, har ya zama kafin 1914 'ya'yan ƙungiyar masu yawon keke ba su kai sulusin yawansu na 1899 ba. A 1906 shugabanninta sun nemi a ba su damar karɓar masu mota, kotu ta hana. Hanyoyin da masu keke suka yi fafutukar gyarawa, da alluna da taswirori da masaukai, duk sai mota ta gaje su. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka yawon bai mutu ba, hannu ya canza. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya zama abin ma'aikata. A 1921 aka kafa dutsen tunawa da masu keken da suka mutu a yaƙin a dandalin ƙauyen Meriden. A 1930 aka kafa ƙungiyar masaukan matasa masu araha, a 1938 kuma aka yi dokar hutu da albashi. Ɓarkewar yaƙi a 1939 ce ta kawo ƙarshen wannan zango.

3.7 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa jirgin ƙasa ne ya raba hanyoyin karkara da matafiya, masu keke suka dawo da su ta hanyar ƙungiya da neman doka da yarjejeniya da masu masaukai, sannan mota ta ci gajiyar aikin. An kuma ga cewa ribar da ƙauye ya samu ta fi tsayawa a hannun masu hidimar baƙi. Babi na gaba zai dubi yadda aka koma gina wa keke hanyoyinsa na daban, har da bin tsofaffin layukan dogo da aka daina amfani da su, musamman daga 1995 lokacin da aka ƙaddamar da shirin hanyoyin keke na ƙasa a Birtaniya.