Aberfan 1966: Ranar da Tsibin Sharar Kwal Ya Binne Makaranta



Da yawanmu idan muka ji an ce ƙasa ta zaftare ta danne gidaje, mukan ɗauka abu ne da ke faɗowa ba zato ba tsammani, kamar tsawa. Tarihi ya nuna cewa galibi ba haka ba ne. Ƙasa takan yi gargaɗi kafin ta taho, wani lokaci har na shekaru. Labarin wani ƙauye mai suna Aberfan, a kudancin yankin Wales na ƙasar Birtaniya, ya isa misali.

A da Aberfan ƙauyen masu haƙar kwal ne, yana zaune a cikin kwari kusa da garin Merthyr Tydfil, ga kogi a ƙasa, ga tsauni a bayansa. An fara haƙa ramin kwal na Merthyr Vale a 1869. Duk inda ake haƙar kwal kuwa, ana fito da tarkace mai yawa wanda ba shi da amfani: duwatsu, baƙar ƙasa da gari mai laushi. Da wuri ya ƙare a cikin kwarin, sai aka koma jibge tarkacen a jikin tsaunin, daidai saman ƙauyen. Kafin 1966 an tara manyan tsibi guda 7. Na bakwai ɗin, wanda aka fara zubawa a 1958, tsayinsa ya kai kimanin mita 34.

Babbar matsalar ita ce wurin da aka zaɓa. Tsaunin cike yake da idanun ruwa, kuma an ɗora wani ɓangare na tsibi na bakwai a kan maɓuɓɓuga. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Taswirorin gwamnati sun nuna ruwan tun cikin ƙarni na 19, kuma mutanen ƙauyen sun san da shi, don yaransu sun sha wasa a wurin.

Kafin babbar masifar, ƙasa ta yi magana fiye da sau ɗaya. A 1939 wani tsibi irin wannan ya zaftare a Cilfynydd, 'yan kilomitoci daga Aberfan, ya toshe babbar hanya. A watan Nuwamba na 1944, tsibi na huɗu a Aberfan kansa ya gangaro, amma ya tsaya kafin ya iso gidaje. A 1963 tsibi na bakwai ma ya motsa. A cikin wannan shekarar ce wani injiniya na hukumar garin ya rubuta wa Hukumar Kwal ta Ƙasa, wadda ta karɓi ragamar ramukan kwal na Birtaniya tun 1947, yana jan hankalinta kan haɗarin taɓon kwal da ake zubawa a bayan makarantar Pantglas. An karɓi takardu, an ba da amsa, aka ci gaba da zuba shara.

A makonni uku na farkon Oktoba 1966 an yi ta sheƙa ruwan sama. Ranar Juma'a 21 ga wata, da misalin ƙarfe 7:30 na safe, ma'aikatan da ke aiki a saman tsibin suka tarar kansa ya lotsa da kusan mita 3. Babu wayar tarho a wurin, domin an cire ta bayan an sha sace igiyarta, sai da mutum ya sauka da ƙafa ya kai rahoto. Da ƙarfe 9:15, gindin tsibin ya saki. Baƙin taɓo mai yawan kimanin mita kubik 110,000 ya kwararo, ya share gidajen gona biyu, ya afka wa makarantar firamare ta Pantglas da gidaje 18. Hazo ya rufe kwarin a safiyar, mutanen ƙasa ƙara kawai suka ji, ba su ga abin da ke tahowa ba. Yara sun shiga aji ke nan, kuma ranar ce ta ƙarshe kafin hutun tsakiyar zango, da tsakar rana za a tashe su.

Masu haƙar kwal suka baro rami suka zo suna tono, wasu da shebur, wasu da hannu, da yawansu 'ya'yansu suke nema. Bayan ƙarfe 11 na safe ba a ƙara fito da kowa da rai ba. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara ne, akasari 'yan shekara 7 zuwa 10. Malamai 5 na makarantar suna cikin mamatan.

Shugaban Hukumar Kwal, Lord Robens, bai iso wurin ba sai washegari da yamma, kuma ya faɗa wa 'yan jarida cewa ba yadda za a yi a san akwai idon ruwa a ƙarƙashin tsibin. Kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Edmund Davies ya zauna kwana 76, ya saurari shaidu 136. Rahoton da ya fitar a watan Agusta na 1967 ya ƙaryata wancan zance. Ya ce abin da ya faru abu ne da za a iya hanawa, ya ɗora laifin a kan hukumar, ya kuma ambaci sunayen ma'aikatanta 9. Kwamitin ya gano cewa hukumar ba ta da wata tsayayyar ƙa'ida ta inda za a zuba shara da yadda za a riƙa duba ta. Idon injiniyoyinta yana kan abin da ke cikin rami, tsibin da ke waje ba aikin kowa ba ne. Duk da haka ba a gurfanar da ko mutum ɗaya a kotu ba, ba a kuma kori kowa daga aiki ba.

Iyayen yaran sai da suka sake wani faɗan kafin a kwashe sauran tsibin daga saman ƙauyensu. Da gwamnati ta amince, sai ta cire fam 150,000 daga asusun taimakon da jama'ar duniya suka tara wa mutanen Aberfan, ta zuba a aikin. Ba a mayar da kuɗin ba sai 1997. Abin alheri da ya fito daga wannan baƙin ciki shi ne dokar 1969, wadda ta wajabta wa masu ramukan ma'adinai su tabbatar da cewa tsibin shararsu ba zai zaftare ba, su kuma riƙa sa ƙwararru suna duba shi.

To, me ke sa tudu ko tsibi ya zaftare? Duk wanda ya taɓa aikin gini ya san yashi mai ɗan danshi yakan tsaya a tsibi, amma idan aka cika masa ruwa sai ya malale kamar kunu. Haka ƙasar gangare take. Ƙwayoyinta suna riƙe da juna, wannan riƙon ne ke hana nauyinta jan ta ƙasa. Idan ruwa ya cika 'yan kafofin da ke tsakaninsu, sai ya ƙara wa ƙasar nauyi, ya kuma raba ƙwayoyin, riƙon ya yi rauni. Ruwa shi ne sanadi na farko. Na biyu shi ne ƙara kaya a sama, ko shara ce ko gini. Na uku shi ne yanke gindin tudu, ko ta hanyar ɗibar yashi da burji, ko fafe shi don a sami filin gini, ko ruwa mai gudu ya riƙa cin sa. Sare itatuwa yana ƙara ta'azzara duka, domin saiwoyi suna ɗaure ƙasa, ganye kuma yana rage ƙarfin ruwan sama. A Aberfan biyun farko sun haɗu sarai: ruwa daga ƙasa da ruwa daga sama, ga kaya ana ƙarawa kullum.

Irin wannan bai tsaya a Turai ba. A watan Maris na 2017, tsibin shara na Koshe a Addis Ababa, babban birnin Habasha, ya zaftare ya kashe fiye da mutum 110, akasarinsu talakawan da suka yi gidaje a gindinsa. A watan Agusta na 2024 haka ta faru a bolar Kiteezi da ke Kampala a Yuganda, bayan ruwan sama, fiye da mutum 30 suka rasu. A nan gida kuma, yankin Agulu da Nanka a jihar Anambra ya daɗe yana fama da manyan ramukan zaizayar ƙasa, kuma a 1988 ƙasa ta zaftare a Nanka ta raba iyalai da dama da gidajensu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Baƙo a gari yakan sami masauki ne inda haya ke da sauƙi, kuma sau da yawa wurin gindin tudu ne, ko bakin kwazazzabo, ko kusa da bola. 'Yan uwanmu da yawa a nan Kudu suna neman halaliyarsu a manyan bololi, wasu a ramukan yashi da wuraren fasa dutse. Saboda haka ga abin da ya kamata mu riƙe.

Na farko, a ba ruwa hanya. A riƙa yashe lambatu da kwalbati kafin damina, kada a bar ruwan rufin gida ko na wanka yana zuba a jikin gangare. Duk bangon da aka gina don tare ƙasa, a bar masa kafofin da ruwa zai riƙa fita, in ba haka ba ruwan zai taru a bayansa ya ture shi.

Na biyu, kada a fafe gindin tudu, kada kuma a jibga shara ko ƙasa a bakinsa na sama. Inda ya zama dole a yanka, a yi shi hawa-hawa, a kuma nemi injiniya ya duba.

Na uku, a dasa abin da ke riƙe ƙasa, irin su jema da gora, a bar itatuwan da aka tarar.

Na huɗu, a san alamomi: sabuwar tsaga a ƙasa ko a bango, ƙofa ta fara ƙin rufuwa, itace ko turken lantarki ya karkata, ruwa ya ɓullo inda ba a saba gani ba, ko ruwan da ke fitowa garau ya koma taɓo. Idan aka ga haka a lokacin ruwa mai yawa, a fitar da iyali tukuna, a yi shawara daga baya. Makarantar allo, Islamiyya da masallaci su ne farkon wuraren da za a duba, don nan ne jama'a ke taruwa.

Na biyar, shi ne babban darasin Aberfan: gargaɗin da ba a bi sawunsa ba, tamkar ba a yi shi ba ne. Mutanen ƙauyen sun yi ƙorafi, an rubuta takardu, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin tsibin. Duk wanda ya ga alama a unguwarsa, ya sanar da mai unguwa ko Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiya, a rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, a ajiye kwafi, a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa bibiya har a ga an yi aiki.

Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Hausawa kuma suka ce idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ruwan bana ya kankama, kowa ya zagaya bayan gidansa da makarantar yaransa, ya ɗaga kai ya dubi abin da ke samansu.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Sakataren Ƙungiya