Alhaki Kwikwiyo: Fim ɗin da ya sa muka yi dariyar saki, dariya mai ɗaci

Yau tarihin wani fim za mu taɓo, wanda da yawanku ba a haife ku ba lokacin da ya fito.

Bari mu ɗan leƙa Amurka tukuna. A 2003 an yi wani fim mai suna Intolerable Cruelty, George Clooney ya fito a lauyan raba aure, Catherine Zeta-Jones kuma a macen da ke auren masu kuɗi don ta kwashi rabonta in an rabu. Abin dariyar a can shi ne kowa na tsoron kotu ta raba masa dukiya. To mu nan fa? Matar da aka saka galibi da kayan ɗakinta take fita, sai 'ya'ya. Don haka namu barkwancin daban yake, kuma ya riga nasu fitowa.

A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne a Kano. Ita ba jin labarin saki ta yi a bakin wani ba. An cire ta daga makaranta an yi mata aure tana 'yar shekara 13, auren bai yi nisa ba ya mutu. A 1998 Abdulkareem Muhammad ya mayar da littafin fim, zamanin kaset ɗin bidiyo, lokacin Kannywood tana rarrafe.

Ga labarin. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, yana da rufin asiri, amma a gida hannunsa kamar na jarirai. Matarsa Rabi 'ya'ya tara ta haifa masa, kuma ita ke cike gurbin abin da ya gaza na cefane da ɗawainiyar yara. Kuɗin da babu su don tuwo, sai ga su sun fito da ya tashi auren Delu, tsohuwar 'yar bariki. Amarya ta shigo, rigima ta tashi, Alhaji ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta da yaranta.

Nan ne wurin da nake so mu tsaya. A shari'a, macen da aka saka a ɗakinta take yin idda, mijin ke ciyar da ita, kuma cin yara da suturarsu na wuyan uba ko suna hannun wa. Alhaji Abdu ya san hakkinsa na ƙara aure sarai, wannan babin kam ya haddace shi. Babin ciyarwa ne bai taɓa buɗewa ba. Kun san irinsu, wallahi kowace unguwa akwai nata.

Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe gidanta. 'Yarta Saudatu ta auri mai hali, Alhaji Abubakar. Shi kuwa gogan naka, gobara ta cinye masa shago a kasuwa, Delu ta ci amanarsa, da aljihu ya bushe soyayyar ma ta bushe. Sai ga Alhaji ya dawo yana lallami.

A nan mai karatu ke tafi yana cewa Allah ya ƙara. Amma dakata. Manya suka sa baki, aka matsa wa Rabi ta koma, ba don ranta ya so ba. Ta koma gidan da aka kore ta, kuma yanzu ita ke ciyar da wanda ya kore ta. A ganina wannan ƙarshen ne ya sa labarin bai tsufa ba. Balaraba ba ta yi mana ƙaryar cewa kowa ya ji daɗi ba. Shi ya sa ma ya ƙetare teku: a 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Turancin da Aliyu Kamal ya yi. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, sai ga Indiyawa na buga labarin Rabi.

Abin bai tsaya a takarda da kaset ba. A Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya gangamin zawarawa a titunan Kano don nuna yawan sakin da ake yi. Hukumar Hisbah ta hana. Shekara uku bayan haka, a 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hisbar dai, ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa, ita ta jagoranci auren zawarawa, aka fara da ma'aurata 100. Gwamnati ta biya sadaki, ta yi kayan ɗaki, sannan ta ba kowace amarya jari a hannunta, irin jarin da Rabi ta nema da guminta bayan an watso mata kaya waje.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.