Fallen Ƙarfen da Ya Maye Gurbin Zaure

Duk wanda ya taɓa yin sallama a cikin tsohon zaure na ƙasa, irin mai daurin guga, ya san murya ba ta mutuwa nan take. Takan ɗan yi shawagi a ƙarƙashin rufin kafin ta ɓace. Idan ya fita fili ya maimaita sallamar, sai ya ji ta a bushe, iska ta tafi da ita. Abin da zauren ya yi ya bambanta da amsa-kuwwa, wadda tsauni ko rijiya ke mayar wa mutum da kalmarsa sarai. A zaure dubban ƙananan amsa-kuwwa ne ke cakuɗewa har kunne ya kasa rarrabe su, sai dai ya ji murya ta yi jela. Wannan shi ne amon ɗaki, wanda masu situdiyo ke kira ribab.

Matsalar masu ɗaukar waƙa tun farko ita ce, ɗakin ɗauka akan lulluɓe bangonsa da abin da ke shanye sauti don a sami murya tsaf. Muryar da ta fito tsaf ɗin kuwa sai ta zama kamar tuwo babu miya. Dole a nemo mata amo daga wani wuri. A 1947, a birnin Chicago na Amurka, injiniya Bill Putnam ya kai lasifika da makirufo cikin banɗaki mai tayil, ya tura waƙar ƙungiyar Harmonicats ciki, ya sake ɗauko ta da amonta. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai. Daga nan manyan kamfanoni suka shiga gina ɗakuna na musamman. Na kamfanin Capitol a Los Angeles, da aka buɗe a 1956, a ƙarƙashin ƙasa aka haƙa su. Sai dai ɗaki na cin fili da kuɗi, kuma amonsa ɗaya ne: yadda aka gina shi haka zai yi ta amsawa.

Mafita ta fito daga Jamus a 1957. Kamfanin EMT na Wilhelm Franz ya fitar da na'urar da ya kira EMT 140, bisa binciken Dokta Walter Kuhl na cibiyar fasahar gidajen rediyon ƙasar. Falle ɗaya ne na ƙarfe, tsawonsa kimanin mita 2, faɗinsa mita 1, kaurinsa rabin milimita, an ɗaure shi tamau a cikin firam kamar yadda ake jan fatar ganga. A jikinsa an liƙa wani abu mai aiki irin na lasifika, wanda ke karkaɗa fallen daidai da muryar da aka tura masa. Karkarwar takan bazu, ta bugi gefe ta dawo, ta sake bugawa, wata 'yar na'ura kuma tana tsintar ta tana mayar da ita sauti. A gefe akwai allo mai shanye sauti: a matso da shi kusa da fallen jelar ta gajarta zuwa wajen daƙiƙa 1, a janye shi ta kai wajen daƙiƙa 5. Akwatin gaba ɗaya ya kai kilo 270, kuma sai an ajiye shi inda babu hayaniya, don yakan tsinci ƙarar da ke kewaye da shi. Duk da haka, in aka gwada shi da haƙa ɗaki a ƙasa, sauƙi ne babba.

Abin sha'awa shi ne, fallen bai kwaikwayi ɗaki daidai ba, kuma wannan gazawar ce ta ɗaukaka shi. A ɗaki na gaske, sauti yakan fara dawowa ɗai-ɗai daga bango mafi kusa, da haka ne kunne ke gane girman wurin. A fallen ƙarfe babu wannan. Amon yakan taru nan take, a cunkushe, sumul, da ɗan ƙyalli a sama. Murya takan sami kauri ba tare da an tura ta can ƙuryar wani babban zaure ba. Situdiyon Abbey Road na Landan ya mallaki guda 4, kuma da su aka yi aikin faifan Pink Floyd na 1973, The Dark Side of the Moon. A 1976 kamfanin EMT da kansa ya fito da EMT 250 mai yin amo ta hanyar lissafi, ƙarfen ya fara komawa ɗakin ajiya. Sunansa dai bai mutu ba. Har yau yana cikin jerin amon da ke fiyanon Yamaha, da ƙananan na'urorin haɗa sauti, da manhajojin kwamfuta.

Ta wannan ƙofar ya isa hannun yawancin masu kiɗan Hausa. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, kunnen da ya saba da muryoyin finafinan Indiya masu iyo cikin amo ya sami maɓallin da zai murɗa. Aka kuwa murɗa shi ba ƙaƙƙautawa. Yanzu daga majalisin biki har lasifikar mai tallar magani ranar kasuwa, abin da ake kira eko ya zama alamar cewa kayan sauti na da tsada.

A nan ne ya kamata a tuna irin waƙar da ƙasar Sakkwato ta gada. Hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal tana ratsa Boɗinga da Shagari. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga kanta. Waƙoƙin da malaman wannan zamani suka tsara da Hausa da Fulatanci an yi su ne don a rera, a haddace, a fahimta. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a Shagari a 1925, ya bi wannan turba tun yana malamin makaranta, inda ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da labarin ƙasa. Makaɗan fada da na maza, su Narambaɗa, Jankiɗi, Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, a ƙofar fada da dandali suka yi suna, inda babu rufin da zai riƙe murya. Zurfin da ake ji a waƙarsu daga bakin 'yan amshi yake fitowa. A duk waɗannan, kalma ita ce dukiyar.

Hausa kuma harshe ne da tsawon wasali da karin sauti ke raba ma'ana. Fara ta launi, da fara ta ci, da fara aiki, ɗan ja da ɗan hawa da sauka ne suka raba su. Jelar amo mai daƙiƙa 4 takan kwanta kan gaɓar da ke biye, ta shafe wannan bambanci. Zambo ko habaicin da mawaƙi ya kwana yana sassaƙawa sai ya narke, mai sauraro ya ji daɗin amo, ya rasa wa aka soka.

Saboda haka wurin da fallen ƙarfe ya fi amfani sananne ne. Ya dace da muryar jagora a waƙa mai tafiyar hawainiya, irin ta bege ko soyayya, inda akwai sarari tsakanin jimloli da jelar za ta cika. Injiniyoyi sukan jinkirta shigowar amon da ɗan abin da bai kai kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ba, don baƙin farko ya fita sarai kafin jela ta biyo. Sukan kuma yanke masa ƙasa, domin amo a kan kaurin sauti laka yake zama, su rage masa sama kaɗan saboda ƙyallinsa na kumbura s da sh da ts, waɗanda Hausa ke cike da su. Ya dace da bugu mai kaifi, kamar na kalangu ko kotso, in an gajarta shi. Wannan aikin ne ya daɗe yana yi wa ƙaramar gangar Turawa. Babbar ganga kuwa a bar ta yadda take. Kirari mai gudu, shi ma, daƙiƙa 1 ta yi masa yawa wani lokaci.

Akwai dabara ɗaya da ta fi dacewa da tsarin waƙar Sakkwato: a bar jagora kusan a bushe, a ba 'yan amshi jela mafi tsawo. Kunne yakan ɗauki mai amo a matsayin wanda ke nesa, don haka sai jagora ya matso gaba, amshi ya koma bayansa, kamar yadda suke tsayawa a ƙofar fada.

Inda ɓarnar ta fi tsanani shi ne tsofaffin kaset. Yawancin abin da ya rage na manyan makaɗan nan a gidajen rediyo ko a wurin wasa aka ɗauke shi, da makirufo kaɗan. Mai son gyara su ya ɗora a intanet yakan ga kamar ƙarin amo zai rufe shuuu ɗin kaset, alhali amon har da shuuu ɗin yake ja. Kuma da zarar an gauraya shi da murya, cire shi tsaf abu ne mai wuyar gaske. Idan kaset na asali ya lalace, kwafin mai eko shi ne zai rage wa ɗalibin da zai zauna wata rana yana ƙoƙarin rubuta baitocin Ɗan Anace kalma bayan kalma.