Daga Tangaraho zuwa Intanet: Asalin Inkiyoyin Masu Ƙananan Jiragen Ƙasa

A Amurka da Birtaniya da Jamus akwai dattawa da samari da ke kashe kuɗi da lokaci wajen haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, su shimfiɗa musu dogo a ɗaki, su gina tashoshi da gadoji da duwatsu, komai daidai da ma'auni. Idan suka haɗu a intanet, da wuya ka ga mutum ya zo da sunan yankansa. Sai dai ka ga haruffa uku da lambobi huɗu, irin su PRR a manne da 1361, ko 34A, ko sunan wani kamfanin reluwe da ya daɗe da shuɗewa. Baƙo zai ɗauka lambar mota ce, ko kuwa mai sunan ya rasa abin rubutawa ne ya danna abin da hannunsa ya kai. Lamarin ba haka yake ba. Wannan salon raɗin suna ya girmi intanet da fiye da shekara ɗari, a bakin dogo aka haife shi, kuma aikinsa bayyana mutum ne ga 'yan'uwansa, ba ɓoye shi ba.

Tushen farko wayar tangaraho ce. A 1851 Charles Minot, babban jami'in kamfanin Erie a jihar Niyok, yana cikin jirgin da ya tsaya jiran wani jirgi mai tahowa ta gaba a kan dogo guda. Da jiran ya ishe shi sai ya buga waya zuwa tashar Goshen ya ce a tsare wancan jirgin, sannan ya umarci direba ya ja. Direban ya ƙi, don a ganinsa ganganci ne a sayar da rai kan maganar waya, sai Minot ya karɓi jirgin ya tuƙa da kansa. Daga nan tafiyar da jirage ta koma hannun masu buga waya, kuma da yake kowane harafi yana cin lokaci, aka taƙaita komai. Kowace tasha ta sami haruffan kiranta, kowane ma'aikacin waya ya sami harafi ɗaya ko biyu da yake sa hannu da su. Mutum biyu sukan yi shekaru suna aiki a kan waya ɗaya, ba su taɓa ganin juna ba, amma kowa ya san ɗan'uwansa da haruffansa da yanayin bugunsa. Taragu ma haka. Da kamfanoni suka fara musayar taragu, dole kowanne ya ɗauki haruffan mai shi, biyu zuwa huɗu: PRR na Pennsylvania, NYC na New York Central, ATSF na Santa Fe, UP na Union Pacific. Tsarin yana da ƙa'ida har ta kai ga kamfanin CSX sai da ya ƙara T a ƙarshen nasa, domin haruffan da suka ƙare da X an keɓe su ga masu taragun da ba kamfanonin reluwe ba ne. Yaron da ya tashi kusa da dogo ya haddace waɗannan haruffa tun kafin ya san ma'anarsu.

A Birtaniya lambobi ne suka fi tasiri. A 1942 wani matashin akawu ɗan shekara 20 a kamfanin Southern Railway, Ian Allan, ya gaji da amsa wasiƙun masu tambayar bayanan kawunan jirgi, sai ya tattara lambobinsu a ɗan littafi ya sayar sule ɗaya. Littafin ya karɓu fiye da zato, aka biyo da na sauran kamfanoni, yara suka cika ƙarshen dandamalin tasha da fensir a hannu, duk kan jirgin da suka gani su ja layi a ƙarƙashin lambarsa. Bayan gwamnati ta karɓe reluwe a 1948, kowane kan jirgi mai tururi ya riƙa ɗaukar wani ɗan faranti na ƙarfe mai siffar ƙwai a ƙofar gabansa, ƙasa da lambarsa, ɗauke da alamar gidan da ake ajiye shi: 34A na King's Cross, 81A na Old Oak Common, 1A na Willesden. Dattijon da yau ya sa 81A a sunansa ya faɗi unguwar da ya tashi a yammacin Landan, ya faɗi kamfanin da yake so, ya kuma ba da haske kan shekarunsa, duka da alamomi uku. Kamar dai yadda makarantar boko ta riƙa manna wa yaro sunan garinsu, ya zama Bello Gusau ko Sani Daura har tsufansa. Wasu lambobin kuma sun zama suna da kansu: 4472 Flying Scotsman ne, 4468 Mallard ne da ya yi gudun mil 126 a awa a Yulin 1938, 4014 kuma Big Boy ne na Union Pacific da aka tayar ya koma aiki a 2019. Akwai kuma lissafin ƙafafun kan jirgi da Frederick Whyte ya tsara a 1900, inda 4-6-2 ke nufin ƙananan ƙafafu huɗu a gaba, manya shida masu ja, biyu a baya, shi ma ya shiga sunaye.

Ma'auni shi ne abu na uku, kuma tarihinsa gajere ne. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da daidaitattun faɗin dogo a baje kolin Leipzig na 1891, daga baya girman ya yi ta raguwa yayin da gidaje ke ƙanƙancewa: HO kashi 1 cikin 87, OO na Ingilawa 1 cikin 76, N 1 cikin 160, sai Z da Märklin ya kawo a 1972, 1 cikin 220. Wanda ya sa HO ko N a inkiyarsa ya taƙaita wa kowa tambaya, don shawarar da za ta amfani mai N ba lallai ta amfani mai HO ba. Wanda kuma ya rubuta HOn3½ yana kwaikwayon dogo mai faɗin ƙafa uku da rabi ne, irin na Afirka ta Kudu da Kwinslan, wanda kuma shi ne faɗin dogon da ya iso Kano a 1911.

Amma jijiyar al'adar tana wani wuri, wajen kamfanonin da ba su taɓa wanzuwa ba. Tun daga shekarun 1930, lokacin da Al Kalmbach ya kafa mujallar Model Railroader a Milwaukee a 1934 aka kuma kafa ƙungiyar NMRA a garin a 1935, gwanayen harkar suka ɗauki ɗabi'ar ƙirƙiro wa dogonsu kamfani sukutum, da suna da tambari da launin fenti da taswira da tarihin ƙarya. Frank Ellison na New Orleans ya kira nasa Delta Lines. John Allen, mai ɗaukar hoto a Monterey ta Kalifoniya, ya raɗa wa nasa Gorre & Daphetid, suna mai kama da na garuruwa biyu a rubuce, amma idan aka furta shi da Turanci sai ya fita kamar ana cewa an yi jina-jina an sha kaye. Allen ya haƙa ƙarƙashin gidansa ya gina duwatsun da suka sauko har daɓe, mai kallo yana tsaye kamar a cikin kwazazzabo, jirage na ratsa gadoji daidai fuskarsa, taragun sun sha fentin tsatsa da ƙura da gangan. Ya rasu a Janairun 1973, kwana goma bayan haka gobara ta cinye aikin, amma sunan bai ƙone ba, har yau ana fentin taragu da haruffansa. Allen McClelland na Dayton ya ƙirƙiri Virginian & Ohio, kamfanin jigilar kwal a tsaunukan Appalachia, ya tsara shi da natsuwa har ya riƙa musayar taragu da Allegheny Midland na Tony Koester kamar yadda kamfanonin gaske ke yi. A Ingila John Ahern ya yi Madder Valley, wanda ke ajiye yanzu a gidan tarihi na Pendon. Ƙananan masu sha'awa suka bi sahu. Mutum zai buga katin izinin shiga jirgi kyauta da sunan kamfaninsa, ya sa hannu a matsayin shugaba ko babban manaja, ya aika wa wani ta gidan waya, shi ma ya aiko nasa. Saboda haka tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje, an saba sanin mutum da sunan dogonsa fiye da nasa. Da intanet ta ce kowa ya zaɓi suna, waɗannan mutane sun riga sun yi shekaru da nasu a aljihu.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa matattun kamfanoni suka fi yawa a sunayen? Domin mutuwarsu ta zo a idon waɗanda suka fara cika intanet. Pennsylvania da New York Central, abokan gaba na shekaru aru-aru, sun haɗe a 1968 suka zama Penn Central, wanda ya karye a 1970, aka kwashe ragowarsa cikin Conrail a 1976. Santa Fe ta narke cikin BNSF a tsakiyar shekarun 1990, Southern Pacific ta shige Union Pacific a 1996. A Birtaniya an dunƙule kamfanoni sama da ɗari zuwa huɗu a 1923, rahoton Beeching na 1963 ya jawo rufe dubban tashoshi, tururi ya ƙare a babban dogo a Agustan 1968. Ƙaramin jirgi a ɗaki hanya ce ta tsayar da agogo a shekarar da mutum ya zaɓa, inkiya kuma ita ce tutar da yake kafawa a kan wannan shekara.

Wani zai ce an kai abin nesa, ai matsin fasaha ne kawai. Kamfanin intanet na AOL ya daɗe yana iyakance suna ga haruffa goma, kuma duk mai suna John ya tarar an riga shi, dole ya nemi gajeren abu mai lamba. Gaskiya ne, matsin ya taimaka. Sai dai matsi yana bayyana dalilin gajarta ne, ba ya bayyana abin da aka zaɓa. Sauran jama'a da suka shiga wannan matsi shekarar haihuwa suka liƙa, ko sunan karensu. Mai jirgi ya ɗauko 4449, kuma duk ɗan harka ya san kan jirgin Southern Pacific ne mai fentin ja da ruwan lemo. Ban da haka, tasirin bai tafi ta hanya ɗaya ba. Ƙungiyar ƙananan jirage ta jami'ar MIT, da aka kafa a 1946, ita ce ta yaye wasu daga cikin gwanayen kwamfuta na farko, ɗaliban da ke kwana ƙarƙashin teburin dogo suna haɗa wayoyi da kayan tarho, kuma ƙamus ɗin zaurancensu da Peter Samson ya rubuta a 1959 ya bar kalmomi a bakin masu kwamfuta har yau.

Wani kuma zai ce ɓuya ce, mutum ba ya son a san gidan da ke ajiye da kawunan jirgi na tagulla masu tsada, ko yana jin kunyar a ce babba yana wasan yara. Wannan ma akwai shi. Amma wanda ke son ɓuya da gaske ba ya riƙe suna ɗaya shekara ashirin, ba ya buga shi a riga ya je baje koli da shi. Inkiyar labule ce ga bare kaɗai. A cikin gida tana tona fiye da abin da sunan yanka zai tona, don sunan yanka ba ya faɗin zamani da yanki da ma'auni.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na uku, kuma ba a iya kore shi gaba ɗaya. Sunayen suna ɗauko reluwe ne a wanke, babu zufa babu zalunci. Ma'aikatan dogon Amurka suna da laƙubban aikinsu, na direba da na mai zuba kwal da na leburan gyaran dogo, kuma yau akawu ko likitan haƙori da bai taɓa ɗaga shebur ba yakan ɗauki ɗaya ya yafa. Tsofaffin ma'aikata ba duka ke jin daɗin haka ba, suna ma da nasu sunayen ba'a ga masu zumuɗin jirgi. Sannan a tarihin reluwe ba kowa ne ya sami damar zaɓen suna ba. Baƙaƙen fata masu hidima a taragun kwana na kamfanin Pullman, fasinjoji sun riƙa kiran kowannensu George, sunan mai kamfanin, komai sunansa na gaskiya, kuma ƙin wannan raini yana cikin abubuwan da ke ran waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu a 1925 ƙarƙashin A. Philip Randolph. Mai inkiyar Pullman yana tuna labule da fitila da kujeru masu laushi, da wuya ya tuna wannan. Abin da za a iya cewa don kare al'adar shi ne, son da ke sa mutum ɗaukar sunan kamfani shi ne kuma ya kafa ƙungiyoyin tarihi na kamfanonin da suka mutu, waɗanda suka ceci zane-zane da hotuna da takardun ma'aikata daga bola, kuma duk mai son rubuta ɓangaren da ba shi da daɗi yana samun hujjarsa a cikin irin waɗannan takardu.

Masu cewa al'adar za ta bi tsofaffinta kabari ba su lura da cewa reluwe bai daina kashe sunaye ba. Saurayin Birtaniya da ya tashi yana kallon kawunan dizal samfurin 66, waɗanda suka fara isowa daga Kanada a 1998 da fentin kamfanin EWS, ya ga Deutsche Bahn ta saye kamfanin a 2007, sunan ya gushe bayan shekara biyu. A Amurka, Canadian Pacific ta haɗe da Kansas City Southern a Afrilun 2023 suka zama CPKC, kuma yaran da suka tashi a bakin wannan dogo daga Missouri zuwa Louisiana sun riga sun sami nasu haruffa uku, KCS, da za su riƙa sa wa lamba.